Abin da Hammata ta Sani

Wanda ya bi babban titin Kubwa ya nufi Zuba, sai ya ratsa Dei-Dei. Yawancin mutanen Abuja sun san wurin da kasuwar kayan gini, katako da rodi da kwanon rufi. Amma akwai kara a can, akwai mayanka, kuma duk inda mahauta suka yi sansani ba a rasa dambe, inda ake dambe kuwa ba a rasa kalangu. Tun kaka da kakanni kalangu kiɗan rundawa ne kafin ya zama na kowa da kowa. A gidan damben nan na fara ganin dattijon da zan ba da labarin hannunsa. Yana tsaye cikin ƙura da la'asar, yana zuga wani ɗan dambe da takensa, har yaron ya fara tsuma.

Bayan 'yan makonni sai ga shi inda ban zata ba. Wani lambun shaƙatawa ne a Wuse II, daren 30 ga Afrilu, ranar da hukumar UNESCO ta ayyana a 2011 ta zama ta kiɗan jaz a duniya. A kan ɗan dandamali ga mai fiyano, ga mai busa saksofon, ga mai jitar nan mai kaurin murya da ake ce wa bes, ga mai gangunan Turawa da faya-fayensu na tagulla. Can gefe, bisa kujerar roba, mutumin Dei-Dei ne da kalangunsa a cinya. Abokin da ya kai ni ya yi dariya ya ce yau za mu sha gamin gambiza. Masu wannan kiɗa suna da nasu sunan ga irin haɗin, kuma ma'anarsa ba ta wuce a narkar da abu biyu su koma ɗaya ba. Narkarwar ce aiki, kuma mafi yawan aikin a daren nan a ƙarƙashin hammatar mutum ɗaya aka yi shi.

Sai mu fara da icen kalangun. Masassaƙi kan nemi alilliba, ko wani ice mai irin halinta, wanda ba zai gajiyar da kafaɗa ba, kuma ba ya saurin tsagewa in ya bushe. Ya yanko gungume kamar kamu ɗaya, ya bi shi da gizago har ya fito da siffar turmi biyu da aka haɗa gindi da gindi: baki biyu masu faɗi, tsakiya siririya. Sannan ya rarake cikinsa daga kowane baki har ramukan su haɗu. Kaurin bangon sai ya zo ɗaya ko ta ina, domin in wani gefe ya fi kauri, amon zai fito a toshe kamar mai mura. Na daɗe ina ɗaukan siririn ƙugun nan a matsayin ado. Ashe shi ne dukan dabarar. Shi ke barin fili tsakanin icen da igiyoyin da suka kewaye shi, kuma ba don filin nan ba, ko ka matsa har hannunka ya yi tsami babu abin da zai motsa.

Fatar ta akuya ce, ƙaramar akuya ta fi. Ba a jeme ta kamar ta takalmi. Jiƙa ta ake yi, a kankare gashin, a ci gaba da kankara a hankali har ta yi sirantar da in ka ɗaga ta ga fitila za ka ga haske ta cikinta. Tana ɗanya ake ɗinke ta a jikin wani zobe da ya ɗan ɗara bakin icen faɗi, ɗaya a wannan baki, ɗaya a wancan. Daga nan sai tsarkiya, wato siraran igiyoyin fata da ake zurawa ta hudojin da basilla ta yi, daga wannan zobe zuwa wancan, a je a dawo, a je a dawo, har icen ya kasance cikin keji. Hikimar a bayyane take ga mai lura: matsa tsarkiya a tsakiya, sai ta janyo zoben biyu, fatun su ɗame, amo ya hau, saki, su yi sanyi, amo ya sauka. Ganga ce da ake sake mata murya tana cikin kuka.

Amma kowace tsarkiya sai ta ɗauki nauyi daidai da 'yar'uwarta. Kafin a fara, na ga dattijon yana bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Ya tsaya a kan wata, ya ɗan ja, ya bi ragowar da ya samu yana turawa gaba, tsarkiya bayan tsarkiya, har ya kai ta bakin ƙulli ya ɗaure. Ɗaya tak in ta yi sako-sako, fatar za ta karkace, kuma bugu ɗaya zai ba da murya biyu masu faɗa da juna. A filin dambe ihun jama'a na rufe wannan. A gaban makirfo babu abin da ke ɓuya.

Sai gula, sandar bugun mai lanƙwasa da faffaɗan kai. Lanƙwasar ce ke sa kan ya sauka a kwance a kan fata alhali hannu na gefe a sake. Tasa ta yi baƙi ta yi santsi a inda yatsu ke riƙo.

Abuja kuwa ba ta tausayin fata. Daga Afrilu zuwa Oktoba iska cike take da laima, fata ta sha ta yi laƙwas. Da hunturu ta bushe ta ɗame har ana tsoron ta fashe. Ga kuma na'urar sanyaya ɗaki a manyan otal, wadda kan sauya wa ganga hali tsakanin ƙofa da dandamali. A daren nan hadari ya taso da magariba ya watse bai zubar ba, ya bar garin da nauyi. Tun kafin sauran makaɗa su gama jona wayoyinsu, dattijon ya tashi ya nufi wurin mai tsire a bakin lambun. Ya yi sallama, ya tsuguna nesa kaɗan da garwashin, ya kara bakin kalangun yana juyawa. Ba ya barin fuska ɗaya ta daɗe. Ya ɗan ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kai kunne, ya sake juyawa. Ya fi minti goma a haka. Da na ce masa ai da ya bari sai an kusa kiransa, sai ya ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya."

Riƙon kansa darasi ne. Maratayi a kafaɗar hagu, icen a kwance ƙarƙashin hammata, bakin gaba ya ɗan ɗaga. Damtse da gwiwar hannu ke yin babbar matsa. Tafin hagu na kan tsarkiya kusa da baki, yana ƙara ƙaramar matsar da damtse ba zai iya aunawa ba, yatsun kuma a shirye suke su taɓa fatar su kashe amo. Dama na riƙe da gula, kuma daga wuyan hannu bugun ke fitowa, kafaɗa ba ruwanta. Wanda ya yi bugu da kafaɗa, kafin a yi turmi uku na dambe ya gaji.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lokacin matsar. In ya matsa kafin gula ta sauka, amo ya fito a sama, tsaye cak. In ya buga a sake sannan ya matsa, amon ya taso daga ƙasa ya haura kamar mai tambaya. In ya buga a matse ya saki, ya gangaro kamar ajiyar zuciya. Tazarar da ke tsakanin waɗannan uku ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma hannu biyu ne ke yin aiki iri biyu a cikinta, ɗaya na sara ɗaya na lanƙwasa. Mai koyo kan yi wata da watanni hannayensa na rige-rige, matsa ta riga bugu ko bugu ya riga matsa, kalangun na ta gunaguni ba magana.

Magana na ce, kuma ba azanci nake yi ba. Hausa harshe ne mai karin sauti: kowace gaɓa ko dai a sama take, ko a ƙasa, ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. Muna yi kullum ba mu lura. Faɗi wuya ta jiki, sannan ka faɗi wuya ta wahala: ta farko daga sama ta sauko, ta biyu daga ƙasa ta hau. Faɗi kuka na hawaye da kuka ta miya: na farko a sama ya tsaya, ta biyu ta faɗo. Kai, ko sunan mai sana'ar ma haka yake. Makaɗi mutum, gaɓar tsakiya ƙasa take yi. Makaɗi sandar bugu, wadda wasu ke kira haka maimakon gula, duka gaɓoɓin a sama suke. A takarda ba ka bambance su. Kalangu na bambancewa. Ba shi da baƙi ba shi da wasali, amma yana da hawa da sauka, yana da tsawo da gajarta: ya bar amo ya yi ja, ka ji garin tuwo, yatsa ya datse shi, ka ji garin da ake zama. Har ma da abin da ya fi wannan laushi. Bahaushe in ya ɗauko doguwar jimla, muryarsa gangarowa take yi sannu sannu, ta yadda saman ƙarshe bai kai saman farko ba, in kuwa tambaya ce sai ya ɗage ƙarshen. Gwanin kalangu na sassauta damtse da kaɗan-kaɗan tun daga farkon jimla har ƙarshenta, daidai yadda baki ke yi. Wannan ne ya sa ɗan dambe na can bayan fili yana ɗaure hannu zai ji takensa ya miƙe, ba wanda ya kira sunansa da baki.

To, me ya haɗa wannan da jaz?

A birnin New Orleans na kudancin Amurka kiɗan ya tsiro a farkon ƙarni na 20, a hannun baƙar fata jikokin bayin da aka kwasa daga yammaci da tsakiyar Afirka. Tsarinsa ba baƙo ba ne ga kunnen da ya tashi da kiɗan Hausa. Ana farawa da wani kari da kowa ya sani, a yi shi tare. Mu da mun ce gindin waƙa. Sannan kowa ya karɓa bi da bi, ya ƙirƙiro nasa nan take a bisa wannan gindi, kamar yadda jagoran waƙa ke jefo ɗiya 'yan amshi na riƙe masa. A ƙarshe a koma gindi a rufe. Wanda ya taɓa jin yadda Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999, ke saka sunan wanda ya shigo fili yanzun nan a cikin waƙa ba tare da kiɗa ya yi tuntuɓe ba, ya riga ya san rabin jaz.

Ɗaya rabin ne ya ba dattijon aiki. A kiɗanmu zagayen gajere ne, kuma jagora ke da wuƙa da nama: in ya ga dama ya ja ɗa ya yi tsawo, makaɗa su jira shi. A jaz zagayen dogo ne kuma a ƙayyade yake. Akwai mai gaɓa 12, wanda aka gada daga waƙoƙin ƙunci na baƙar fata da ake kira bulus. Akwai mai gaɓa 32, kashi huɗu na takwas-takwas, na uku ya saɓa da sauran. Galibi kowace gaɓa bugu huɗu ce. Fiyano da bes na sauya muryoyi a wurare sanannu cikin zagayen, kuma ba mai jiran wani. Ka yi gyangyaɗi gaɓa ɗaya, ka farka ka tarar ayari ya wuce. Dattijon bai taɓa karanta rubutun kiɗa ba, kuma ba ya ƙirga da baki. Bes yake bi da kunne. Ya ce mini kamar hanyar Dei-Dei zuwa Berger ce: ko idonsa a rufe cikin mota, ya san inda ake hawa gada, ya san inda ake kwana.

Matsala ta biyu ita ce murya. Fiyano matakala ce, tsani 12 kafin amo ya dawo kan irinsa a sama, kuma babu komai tsakanin wannan tsani da wancan. Kalangu gangara ce, ba tsani ko ɗaya. Ganga mai amo ɗaya ba ta da wannan damuwa, don ba wanda ke tsammanin ta dace da fiyano. Amma kalangu na rerawa, kuma mai rerawa in ya kauce kowa zai ji. Ga yadda yake yi. Kafin kowane kiɗa ya kalli mai bes, shi kuma ya ja masa amon da kiɗan zai zauna a kai, wanda suke ce wa gida. Dattijon ya buga a hankali yana matsawa har amonsa ya shige cikin na bes, rawar da ke tsakaninsu ta kwanta. Ya riƙe wannan matsa a damtsensa. Sannan ya nemi amo na biyu a sama, wanda ya fi kowane jituwa da gida, shi ma ya adana. Turaku biyu ke nan. Duk yawon da zai yi, a kan ɗayansu zai sauka. Kuma da an sauya kiɗa an sauya gida, sai ya tumɓuke su ya sake kafawa cikin daƙiƙa biyar ko shida, ana tafi ana shewa.

Tsakanin turakun nan biyu kuwa, nan ne ya fi sauran makaɗan 'yanci. Jaz na ƙaunar amon da ya faɗa tsakanin tsani da tsani. Mai saksofon na samunsa da leɓe, mai waƙa da maƙogwaro, mai fiyano sai dai ya yi ta kewaye. Abin da suke fafutukar lanƙwasawa, shi a lanƙwashe ya gaje shi.

Na uku, kuma a ganina mafi wuya ga wanda ya saba da filin dambe, shi ne shiru. A Dei-Dei shi ke cika iska. In ya tsagaita fili ya mutu. A nan akwai mai gangunan Turawa da ke riƙe da lokaci a kan faifan tagulla, yana raba kowane bugu uku ya tsallake na tsakiya, abin da ke ba jaz ɗingishinsa mai daɗi. Wannan ɗingishi ba baƙo ba ne gare shi, don kiɗanmu cike yake da uku da ke tafiya a kan biyu. Sai dai in shi ma ya ce zai riƙe lokaci, sun zama direba biyu a mota ɗaya. Don haka da aka fara kiɗan farko, zagaye guda cur bai taɓa fata ba. Gula a ɗage, kai a sunkuye. Wata mata a teburin kusa da ni ta ce ko tsohon ya manta abin da ya kawo shi. Numfashin mai saksofon yake saurare. Mai busa dole ya tsaya ya ja iska, kuma yakan tsaya ne a ƙarshen gaɓa huɗu ko takwas. A wannan 'yar kafa, wadda ba ta fi bugu biyu ba, dattijon ya jefa kalma uku ya janye. Zagaye na gaba ya jefa biyar. Sai da aka yi nisa na gane cewa maimaita ƙarshen abin da yaron nan mai saksofon ya busa yake yi, amma ya ɗage wutsiyarsa ya mai da shi tambaya.

Daga nan suka shiga abin da 'yan jaz ke ji da shi, musayar hurhuɗu: kai ka yi gaɓa huɗu, ni in yi huɗu, fiyano da bes na riƙe da hanya. Yaron ya zubo amo kamar ruwan ƙanƙara. Dattijon ya amsa da bugu shida kacal, masu ja. Yaron ya rage gudu. A karo na uku sai tsohon ya saki wani take na rundawa, ya zaunar da shi daram cikin gaɓa huɗun nan, kansa a kan gida, ƙarshensa a kan gida. Masu zaman tebur suka tafa don ya yi musu daɗi. Mai tsire kuwa, can bakin lambu, ya ɗaga wuƙarsa sama ya yi kururuwa, domin shi magana ya ji.

Da aka tafi hutu suka kewaye tebur ɗaya, sai hira ta koma kan magabata, kowa na laluben wayarsa. Mai saksofon, yaro ne ɗan Jos mai Hausa garau, ya miƙa tasa ya ce, "Baba, saurari wannan." Faifan Art Blakey ne na 1962, The African Beat, wanda kamfanin Blue Note ya fitar. Blakey gwanin gangunan jaz ne da ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullahi Ibn Buhaina. Dattijon ya kara wayar a kunne, bai yi minti ɗaya ba ya ce, "Ɗana, wannan mai gangar Bayarabe ne." Haka ne kuwa: Solomon Ilori ne, ɗan Najeriya. Ta karin harshen ya gane shi.

A faifan nan akwai wani mai busa da ya kamata mutanen Arewa su san shi fiye da yadda suka sani. Yusef Lateef, an haife shi a 1920, ya tashi a Detroit, Musulmi ne, kuma tun shekarun 1950 yake shigo da kayan busa na Gabas cikin jaz, kalmar da shi kansa ba ya so a laƙaba wa kiɗansa. Yana da shekara 60 da 'yan kai, sunansa ya riga ya kewaye duniya, ya tattara ya zo Zariya a 1981, ya zauna har 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sarewar Fulani ya sa a gaba. Mutumin da ke riƙe da saksofon mai maɓallai fiye da ashirin ya zauna gaban masu busa kara mai 'yan hudoji yana koyo. A 1983 ya ɗauki faifai da makaɗan ƙasar nan ya sa masa suna In Nigeria, kuma shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausa da ya fito a 1987. Ya rasu a Disambar 2013. Kafin shi ma an yi: gwanin jaz Louis Armstrong ya zo Najeriya a 1960, har ya je Kaduna ya gana da Sardauna. Amma Armstrong baƙon kwana kaɗan ne. Lateef ɗalibi ya zo.

Mai gangunan Turawa shi Tony Allen ya kawo, mutumin Legas da ya koyi sana'a yana sauraren faya-fayen gwanayen ganguna irin su Blakey da Max Roach, ya haɗa da kiɗan gida, ya zama ƙashin bayan ƙungiyar Fela Kuti har ƙarshen shekarun 1970. A 2017 ya yi faifai na girmama Blakey, bashin da ya ci yana saurayi ya biya da furfura. Ya rasu a Faris ranar 30 ga Afrilun 2020, wato a ranar jaz ɗin kanta. Wani ya ambaci Bala Miller, wanda ya yi shekaru a Kaduna yana ɗora waƙar Hausa a kan kayan busa na Turawa tun kafin a san za a ba haɗin suna.

Sai aka juyo ga dattijon. Ya ciro 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, ya kunna Shata, Allah ya ji ƙansa, ya ce kada su bi muryar, ai kowa ya san muryar. Su saurari kalangan da ke bayanta. Suka yi tsit. Can mai fiyano ya fara kaɗa kai, don ya ji abin: jagora na tsayawa, kalangu na cike kafar, jagora na dawowa, kalangu na janyewa. Abin da aka gama yi a dandamali ke nan. Daga nan ya sa musu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa na gwangwani mai tsarkiya ɗaya tal, shi kaɗai ba ɗan amshi, shi ne gindi shi ne ɗiya. Mai bes, da ke da tsarkiya huɗu, ya dubi jitarsa ya yi murmushi. Da aka zo kan Narambaɗa da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, dattijon bai ce komai ba, hularsa kawai ya gyara.

Tun shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, kowa na iya samun amon ganga da yatsa ɗaya, kuma yau har na kalangu akwai a kwamfuta. Ba na ƙyashin masu yi, abincinsu suke nema, wasu ma sun iya. Sai dai abin da ke cikin na'urar matsa ɗaya ce da wani damtse ya taɓa yi wata rana, aka daskarar da ita. Ba ta san laima ba, ba ta jin numfashin kowa. Akwai kuma kalangan da ake saya a shagunan kayan gargajiya a rataye a falo a Maitama ko Asokoro, tsarkiyarsu ta bushe ta yi ƙamas ba a taɓa matsa ta ba. Shi dattijon da kuntuku ya fara, 'yar ƙaramar gangar nan mai baki ɗaya da ke raka kalangu. Shekaru yana bayan mahaifinsa yana buga abu ɗaya, ba hawa ba sauka, har lokaci ya zauna masa a jiki. Sai bayan nan aka bar shi ya rataya babba, kuma aikinsa na farko da ita ba bugu ba ne, gyaran tsarkiya ne. A daren nan ma akwai wani yaro zaune a ƙasa bayan kujerarsa, rungume da jakar kalangun, bai taɓa komai ba tun farko har ƙarshe. Leɓensa kawai ke motsi. Samarin teburin gaba sun ɗauki kiɗan duka a waya, suna hira suna ɗauka.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka koma gindi aka rufe. Sauran suka shiga naɗe wayoyi. Dattijon ya kwance ƙullin tsarkiya ya ɗan sassauta, don kada fata ta kwana a ɗame. Ya goge gumin hammatarsa daga igiyoyin da tsumma, domin gishirin gumi ke cinye su, ya lakato ɗan man kaɗe ya bi su da shi, bai bari ya taɓa fatar ba. A nan yatsansa ya tsaya kan wata da ta fara ƙoƙewa kusa da zobe. Ya nuna wa yaron, ya sa shi ya taɓa da kansa, ya ce da safe za a sauya ta kafin a fita fili.

Mai bes Kubwa ya nufa, ya ce zai rage musu hanya. Ya buɗe but ya ce, "Baba, kawo a sa nan." Dattijon ya leƙa ya ga taya da jarkar fetur, ya girgiza kai. Ya shiga baya ya zauna, ya ɗora jakar a cinya, ya ce a ɗaga gilashi don an fara yayyafi.